Alli a Kan Baƙar Riga

Duk macen da ta gaisa da Hajara sai ta saci kallon hannun. Tafinsa ya yi kanta, bayansa dabbare-dabbare da tabon ƙuna, wani fari wani baƙi. Ruwan zafi ne ya yi wannan zane, kuma ya fi shekara ashirin yana yi.

Sana'ar uwarta ce. Inna Kulu ta taso daga wani ƙauye bayan Bunkure, ta sauka a Gyadi-Gyadi da tukunya ɗaya da 'ya ɗaya, ta kama yi wa masu jego wanka. Mace ta haihu, a aiko. Inna ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya, ta yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har arba'in, ta gasa mata ciki, ta ɗaure shi da zane. Tun Hajara tana 'yar shekara goma sha biyu take riƙe mata ƙwarya, in ta taso daga makaranta. Ba da baki aka koya mata ba, don Inna ba ta da yawan magana. Sai dai ta kama hannun yarinyar ta ɗora a kan cikin mai jego, ta danna, ta dube ta. In ta gane, a wuce gaba. In ba ta gane ba, a sake dannawa.

Hajara ta gama sakandare, ta auri Rabi'u direban babbar mota, ta haifa masa 'ya'ya uku, duk maza. Wata rana ya tafi kai kaya kudu, aka dawo da shi a naɗe cikin bargo. Ba a yi shekara ba Inna ta bi shi. Ita ma sana'ar ta fara mutuwa. Likitoci suna ta faɗa a kan ruwa mai ƙuna da kunun kanwa, matan 'yan boko suka daina aikowa, sauran suka bi sahu. Hajara ba ta yi musu da kowa ba. Da idonta ta ga mata biyu da ƙafafunsu suka kumbura, numfashi ya gagare su tun kafin arba'in. Ta kife tukunyar Inna a bayan ɗaki, ta fita neman aiki.

A Tarauni ta samu, gidan motsa jiki na mata zalla, na Hajiya Safiyyah. Aikinta bokiti da tsumma: ta goge tayil, ta wanke banɗaki, ta naɗe tabarmin roba in mata sun tashi. A lokacin ba mai koyarwa. Talabijin ce a bango, wata Baturiya tana yi, matan suna kwaikwayo.

Ran nan tana goge ƙasa sai ta ga wata dattijuwa a kwance, ta ɗaga ƙafafu kamar yadda Baturiyar ta yi, baya ya gantsare, fuska ta tamke don ciwo. Hajara ta ajiye tsumma, ta goge hannu a zane, ta zura shi ƙarƙashin ƙugun matar, ta ɗora ɗayan a marar, ta danna. Ba ta ce komai ba. Bayan ya sauka ya kwanta a kan tafinta. Matar ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “'Yar nan, me kika yi min?”

“Ba komai, Hajiya.”

Washegari matar ta zo da ƙanwarta. Kafin watanni uku Hajiya Safiyyah ta ɗauki wata mai shara, ta ba Hajara ƙaramin ɗakin da ke baya, tabarma takwas. Shekara shida ta yi a ɗakin nan. Matan suna zuwa yadda suka saba, wata da hijabi har ƙasa, wata da zane a kan dogon wando, don ko a tsakanin mata ba kowa ke son a ga tumbinta ba. Hajara ba ta damu ba. Hannunta yana gani ta cikin tufa.

Sai wata safiya Hajiya ta kira ta ofis.

“Zauna, Hajara. Matar likitan nan ta Daurawa ta tambaye ni takardarki.”

“Wace takarda?”

“Satifiket. Wai wa ya koya miki.”

“Me kika ce mata?”

“Me zan ce? In ce Inna Kulu?”

Hajara ta dubi hannunta. “Bayanta ya daina ciwo ko bai daina ba?”

“Ya daina. Amma ba ta dawo ba, kuma ta janye ƙawayenta huɗu. Sun koma sabon gidan nan na bakin titi, inda takarda take rataye a bango.”

Hajiya Safiyyah ba muguwa ba ce, 'yar kasuwa ce. Ita ta nemo kwas ɗin, ita ta biya. Wata makaranta ce a Legas, ta waya ake karatun, shekara guda. Ta kuma faɗi gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya: in Hajara ta samo takardar, ɗakin nata ne. In ba ta samo ba, za a kawo wadda take da ita.

“Ba zan kore ki ba, kin sani. Bokitinki yana nan.”

Sunan abin Filatis. Motsa jiki ne da ake yi a kwance, a hankali, ba tsalle ba gudu, ana ƙarfafa ciki da ƙugu don baya ya huta. Da Hajara ta ga darasin farko sai ta yi tsaki. Rabinsa abin da take yi ne, an dai raɗa masa sunaye.

Sunayen ne bala'in. Ƙasusuwa ɗari biyu da 'yan kai, kowanne da sunan da harshe ba ya lanƙwasuwa a kai, ga ta rabonta da aji shekara ashirin da uku. Kuma ita ba ta yarda da hoto ba, sai abin da ta taɓa. Ta tafi kasuwar Tarauni wajen Garzali mahauci, ta ce ya cire mata ƙashin bayan rago ɗungurungum, kada ya sara.

“Hajiya, miya za a yi ko magani?”

“Karatu.”

“To, Allah ya ba ragon sa'a,” in ji Garzali, sauran mahauta suka kwashe da dariya.

Ta dafa, aka sha romo a gida, ta jera gaɓoɓin a faranti, ta zura musu igiya. Kullum bayan la'asar tana zaune a ƙofar ɗaki tana bin su da yatsa kamar carbi, tana kiran sunayensu. Ranar jarrabawar rubutu aka tambayi gaɓoɓin ƙugu nawa ne. Ta amsa shida, don shida ta ƙirga da hannunta. Na ɗan'adam biyar ne. Wannan da wasu kurakuran suka haɗu suka kayar da ita, da ɗan kaɗan. Ta kwashe ƙasusuwan ta zuba a bola. Ba ta ga laifin ragon ba, bai yi mata ƙarya ba, ita ce ta tambayi wanda ba shi ba. Karo na biyu ta haddace littafin kamar yadda kowa ke yi, ta ci.

Saura ta aiki. Dokar makarantar ita ce ta ɗauki bidiyo na minti arba'in tana koyar da mutum ɗaya, ta tura, a duba. Sau biyu ake ba mutum dama, daga nan an rufe.

Hajiya Rabi ce ta yarda, dattijuwar nan ta farko, tsohuwar shugabar makaranta daga Darmanawa. Ta zo da hijabinta mai ruwan toka, ta kwanta, Hajara ta yi aikinta yadda ta saba. Da suka gama Hajiya Rabi ta tashi tana cewa yau kam kamar an sauke mata buhu daga baya. Aka tura.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Hajiya Safiyyah ce ta karanta, tana fassarawa.

“Laifi biyu. Na farko, wai a minti arba'in sau tara kika yi magana.”

“Sun ƙirga?”

“Sun ƙirga. Wai mai koyarwa da baki take koyarwa, hannu taimako ne. Sun ce ki yi da Hausa in kina so, a rubuta musu fassara. Na biyu...” Ta gyara tabarau. “Wai ba su ga jikin ɗaliba ba, sun ga tufa tana motsi. Dole ta sa kaya masu kama jiki, a ga ƙashin baya, a ga haƙarƙari, a ga ƙugu.”

Hajara ta karɓi wayar ta duba da kanta. Turancin ya yi mata yawa, amma ta gane sunan da ke ƙasa, na wanda ya duba bidiyon. Sunan namiji ne. Ta mayar wa Hajiya wayar.

Sati uku aka ba ta.

Ta fara da baki, don shi ne a hannunta. Damina ce, kwatocin Gyadi-Gyadi sun cika sun tumbatsa, ta daina hawa adaidaita sahu, tana tafiya a ƙasa har Tarauni don ta samu lokacin yin magana ita kaɗai. Tana tsallake taɓo tana neman kalmar da za ta yi abin da yatsa ke yi. Mai shayin bakin layi ya tambayi maƙwabta ko lafiyarta ƙalau. Abin ya fi haddar ƙasusuwa wuya. Ta san yadda ake sa mara ta shige ciki, amma yaya ake faɗar sa? Ta gwada fassara na littafi, matan ɗakinta suka yi ta kallonta kamar tana karanta labarai. Sai ta watsar, ta koma tsakar gida ta ɗebo.

“Ja cibiyarki, kamar za ki ɗaura zanen da ya yi miki kaɗan.”

Mara takwas suka shige a tare. Hajara ta tsaya da hannu a baya, ta ji wani abu kamar kishi. Ba ta taɓa kowa ba.

Kafin sati ta tara su da dama. Hura iska kamar kina hura ɗanyen itace a murhu. Sauke bayanki gaɓa-gaɓa kamar ana warware tabarma. Riƙe ƙugunki kamar an ɗora miki faranti cike da miya. Ta rubuta su a bayan tsohuwar kalanda, tana bita.

Jiki ne ya gagara. Ta bi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, da wando mai kama jiki a hannu.

“Ni? A waya?” in ji wata matar ɗan kasuwa. “So kike gobe in ga kaina a wayar 'yan adaidaita sahu, an ɗora min kiɗa?”

“Wannan wandon,” wata ta ɗaga shi da yatsa biyu, “mijina ma bai taɓa ganina da shi ba. Ba kuma zai gani ba, kada hawan jininsa ya tashi.”

Aka yi dariya, aka watse. Hajiya Rabi ta kama hannunta a ƙofa ta ce, “Ki yi haƙuri, 'yar nan. Jikokina maza sun girma.” Hajiya Safiyyah kuwa ta ce ita mai gida ce, sunanta ne a allon waje. Hajara ba ta ji haushin kowa ba. Da ita aka tambaya, amsar da za ta bayar ke nan.

Saura kwana tara Binta ta same ta a bakin famfo. Binta maƙwabciyarta ce a gidan haya, matar Sulaiman ɗan adaidaita sahu, sun zo daga Ringim. Bayan haihuwarta ta huɗu naman cikinta ya buɗe, yatsa uku suna nutsewa a saman cibiya, ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa. Hajara ta yi wata huɗu tana shimfiɗa mata tabarma a ɗaki kullum da yamma har cikin ya haɗe. Ba wanda ya sa ta.

“Yaya, na ji kina neman wadda za a ɗauka. Ni zan yi miki.”

“Kin san abin da za ki sa?”

“Na ga wandon a kan igiyarki. Kamar fatar tsiran alade.” Ta yi dariya, ta rufe baki da mayafi. “Zan rufe fuskata da ɗankwali. In ce wa Baban Ashiru zan taya ki shara.” Ta dubi Hajara. “Mace ce za ta kalla, ko?”

Hajara tana wanke shinkafa. Ta tsiyaye ruwan a hankali.

“Yawancinsu mata ne,” ta ce.

Ba ƙarya ba ce. Ba kuma gaskiya ba ce.

Ranar Juma'a da safe gidan a rufe yake. Suka shiga su biyu, Hajara ta sa sakata, ta jingina waya a kan kujera, bokiti ya tokare ta. Binta ta fito daga banɗaki da baƙin wando da ƙaramar riga, ta rungume ƙirjinta, ɗankwali a fuska. Da ta kwanta kunyar ta ragu. Hajara ta sa hannu a baya ta fara magana.

Aiki ya yi kyau. Ba a taɓa yin mai kyansa a ɗakin nan ba. Ta ce zanen da ya yi kaɗan, ta ga marar Binta ta lotsa. Ta ce a warware tabarma, ta ga gaɓoɓin baya suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowacce a lokacinta. Shekara da shekaru tana jin wannan a tafin hannu, yau ta gan shi da ido. Minti arba'in da ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da yamma ta nuna wa Hajiya Safiyyah. Hajiya ta kalla har ƙarshe, ta cire tabarau ta ce, “Alhamdulillahi. Gobe zan rubuta fassarar, jibi ki tura.”

Hajiya ta rubuta. Hajara ba ta tura ba.

Wayar tana cikin ɗan tofi a ƙugunta, tana jin nauyinta kamar dutsen niƙa. Abin da ya hana ta tsohon abu ne. Tana 'yar shekara goma sha huɗu suka yi wa wata amarya wankan haihuwar fari a Unguwa Uku. Da suka dawo gida Hajara ta ce wa matan tsakar gida, cikin hira kawai, ashe amaryar nan tana da wani baƙin tabo a cinya kamar taswira. Inna Kulu tana ɗaure itace. Ta miƙe, ta zo, ta kwaɗa mata mari har kunnenta ya yi ƙara. Sannan ta yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarta.

“Matar nan ta tuɓe a gabanki ne don ba ta da yadda za ta yi. Abin da kika gani ba naki ba ne. A inda kika gan shi, a nan za ki bar shi.”

Ba ta sake ba. Cikin mata nawa ta gani, ɗinki nawa, tabon duka nawa, ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Shi ya sa ake tuɓewa a gabanta.

Saura kwana huɗu ta fita da rana ta samu Binta a ƙofar gida tana suyar awara. Ta jira masu saye suka ragu, ta tsuguna kusa da kaskon.

“Binta, na yi miki rufa-rufa. Wanda ya duba na farko namiji ne. Na ga sunansa. Wannan ma zai iya zama shi, ko wani. Ban san mutum nawa za su kalla ba, ban san inda suke ajiyewa ba. In ya tafi ba ni da ikon dawo da shi.”

Binta ba ta ɗago ba. Ta juya awara ɗaya, ta juya ta biyu. Man yana ƙara.

“Kin sani tun ranar a famfo?”

“Na sani.”

“Da kin yi shiru, Yaya.” Muryarta ta yi ƙasa. “Wallahi da kin yi shiru kin tura. Da ban sani ba, da babu ruwana. Yanzu kin sauke kin ɗora min.”

“Haka ne.”

“In na ce a'a, na ci amanar wadda ta gyara min ciki. In na ce e, yaya zan dubi Baban Ashiru in ya shigo?” Ta goge ido da gefen mayafi, hayaƙi ko ba hayaƙi ba. “Ban hana ki ba. Amma ban ce ki tura ba.”

Hajara ta ciro wayar. Ta buɗe bidiyon, ta juya fuskar wayar yadda Binta za ta gani, ta goge. Ta shiga kwandon sharar wayar ta sake gogewa. Sannan ta mayar da ita ɗan tofi.

“Ƙona awararki kike,” ta ce, ta tashi.

Hajiya Safiyyah ta kusa kifar da shayinta.

“Kin goge? Bidiyon da na gani da idona? Hajara, kanki ɗaya? Fuskarta a rufe take! Wa zai gane ta?”

“Ita.”

“Ita me?”

“Ita za ta gane kanta.”

“To madalla, waliyyiya. Shekara guda! Kin san abin da kika zubar?”

“Na sani, Hajiya. Saura kwana uku.”

A hanyar gida ta tsaya fakewa ruwa a rumfar wani tela. Yana zana yadi da alli kafin ya yanka, farin layi a kan baƙin yadi, ana gani daga nesa. Ta daɗe tana kallo. Da ruwa ya tsagaita ta sayi alli guda biyu.

Da Hajara ta kawo mata dabarar allin, Binta ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta sa baƙar doguwar riga mai kauri da wando a ciki, Hajara ta ɗaure mata ita da igiya a ƙugu da ƙarƙashin ƙirji don kada ta yi yawo. Sannan ta durƙusa a bayanta, tana laluben ƙashi ta cikin tufa da yatsan hagu, tana ɗiga alli da na dama. Kowace gaɓa ɗigo ɗaya. Ta zana haƙarƙari, ta zana allon kafaɗa, ta zana bakin ƙashin ƙugu hagu da dama. Da ta zo gaɓoɓin ƙugu ta ƙirga sau biyu. Biyar.

“Yaya, kin mai da ni allon makaranta.”

“Kwanta, allo ba ya magana.”

Binta ta ɗan murmusa, na farko tun ranar awara.

Minti goman farko ɗigon suna tafiya da ƙashi kamar an dasa su. Daga nan tufa ta fara halinta. Binta ta juya, rigar ta zame, layin baya ya koma gefe. Gumi ya jiƙa allin, tabarma ta shafe rabi. Hajara tana gani, amma doka ta ce ba a tsayar da ɗauka, sai ta ci gaba da magana, muryarta daidai, har minti arba'in suka cika. Da Binta ta tashi bayan rigar ya zama toka-toka, ba a gane komai. Babu sauran rana. Hajiya ta gyara fassarar, aka tura.

Amsar ba ta da tsawo. Sun ce maganarta ta yi kyau ƙwarai, misalanta suna da ma'ana, sun yaba da dabarar allin. Sun ce amma alli a kan tufa yake, ba a kan jiki ba, ba za su iya shaida abin da ba su gani ba. Ba ta ci ba. Damarta ta ƙare.

Hajara ta saurara har ƙarshe. Ta ce, “Gaskiyarsu.” Ta tambayi inda aka ajiye bokitin.

Farkon wata Khadija ta iso daga Abuja, 'yar shekara ashirin da huɗu, da takardarta a cikin gilashi. Aka buga ƙusa a bangon ƙaramin ɗakin aka rataye. Yarinya ce mai ladabi, har ƙasa take gaishe da Hajara, tana ce mata Mama. Ta san sunan kowane ƙashi. Matar likitan Daurawa ta dawo da ƙawayenta. Matar likitan ce kuma ta ja hankalin Hajiya Safiyyah cewa wadda ba ta da takarda bai kamata ta riƙa taɓa jikin mutane ba, in wani abu ya faru gidan za a kama.

“Ba ni na ce ba, Hajara,” in ji Hajiya, tana duban tebur. “Amma kada ki ƙara sa wa kowa hannu a gidan nan. Ko sun kira ki.”

“To.”

Sun kira ta, satin farko. Ta ce hannunta da sabulu. Hajiya Rabi ta daina zuwa. Sauran suka saba. A gida Binta tana gaishe ta kamar da, tana aiko mata da awara, amma ba ta ƙara shiga ɗakinta ta zauna ba.

Wata Talata Hajara tana goge tayil a bakin ƙofar ƙaramin ɗakin. Khadija tana gaba tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku. A tabarmar ƙarshe, dab da ƙofa, akwai wata sabuwa cikin hijabi mai ruwan ƙasa. Daga yadda take dafa ƙasa kafin ta kwanta Hajara ta san ba ta fi wata uku da haihuwa ba. Ta ɗaga ƙafafu tare da kowa. Daga gaba ba a ganin komai sai tufa. Daga ƙasa, inda Hajara take durƙushe, ana ganin bayan ya gantsare ya bar tabarma, ana ganin yatsun matar sun damƙe gefen roba.

Hannun Hajara ya saki tsumma da kansa. Har ta goge shi a zane. Ta dube shi, tabo fari tabo baƙi, ta mayar da shi cikin bokiti.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da goge tayil ɗin da ta riga ta goge, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi da tsumma.

“Sauke ƙafa ɗaya. Ja cibiyarki, kamar za ki ɗaura zanen da ya yi miki kaɗan.”

Ƙafa ɗaya ta sauka. Bayan ya bi ta a hankali, ya kwanta a kan tabarma. Yatsun suka saki robar. Matar ta juyo da kai tana neman wadda ta yi magana, ba ta ga kowa ba sai mai shara.

“Bakwai, takwas,” in ji Khadija. “Yauwa, Hajiya ta baya, haka ake yi.”

Hajara ta matse tsumma, ta ɗauki bokiti. Banɗaki biyu ne ba a wanke ba.